Wasiƙa daga Aboabo

Assalamu alaikum ƙawata,

Ya gida, ya sanyin Jamus? Shirun ya isa haka. Albishirinki, takwararki ta kama lissafin nan na x da y da ya hana ta barci!

Kin san abin da ke raina. WASSCE, jarrabawar gama sakandare, na ƙaratowa, kuma in ba ta samu aƙalla sakamakon C6 a lissafi ba, jami'ar KNUST ta Kumasi sai dai ta hango ta daga cikin mota. Kullum ta dawo makaranta ido jajir. Shekaranjiya kawunta ya zaunar da ita, ya ce ta rufe littafin tukuna. Wani ya sayi koko biyu da ƙosai uku, ya biya sidi 16. Wani kuma koko ɗaya da ƙosai biyar, sidi 15. Nawa ne kowanne? Ta yi jim, can ta ce in na biyun ya ninka sayayyarsa, koko biyu da ƙosai goma ke nan, sidi 30. Kokonsu ya zo ɗaya, bambancin ƙosai bakwai ne a sidi 14. Ƙosai sidi 2, koko sidi 5. Sai a lokacin ya rubuta mata 2x + 3y = 16 da x + 5y = 15, wato x kuɗin koko, y kuɗin ƙosai. Wallahi sai da ta yi tsalle.

Ke da kike leƙen takardata a aji, na san kin tsallake layukan nan. Koma ki karanta!

Af, an sa ranar ƙanwar maigida, bayan babbar Salla. Hajiya ta riga ta zaɓo atamfa a kasuwar Kejetia, kuma da ke aka lissafa.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne tarkon da kawun nata ya ɗana mata daga baya: koko huɗu da ƙosai shida sidi 32, a haɗa da cinikin farko. Ta duba ta ce ai wannan na farkon ne aka ninka, bai ƙara komai ba, ba za a fid da farashi guda ba. Wanda ya yi hadda kawai ba zai gane wannan ba. Yanzu har ta iya ɗaya hanyar, ta ware x = 15 − 5y ta zuba a ɗayan layin, amsa ta fito daidai. Saura zanen layuka biyu a nemo mahaɗarsu, kuma malaminsu gudu yake yi da darasi, shi ke damuna.

Ki turo awonki kafin tela ya cika da aiki. A gai da yara.

Taki har kullum.