Amsa ga mai tambaya kan ping na shela: me ya sa na'urori uku kaɗai suka amsa?

Assalamu alaikum Malam,

Tunda a bainar jama'a ka yi tambayar, a nan za mu amsa. Ka ce ɗakin kwamfutocin da kake kula da shi yana da na'urori kusan arba'in, har da firinta da kyamarorin tsaro. Ka buga ping -b 192.168.1.255, wato ping na shela da ke kiran duk na'urorin layi lokaci guda, a Linux don ka ga duk wanda ke kan layi, amma uku kaɗai suka amsa, kana tambaya ko suwic (na'urar da ke haɗa kebul ɗin kwamfutoci) ne ya lalace ko rauta (na'urar da ke haɗa layinku da sauran layuka).

Babu abin da ya lalace. Saƙonka ya isa ga kowa, sauran na'urorin ne suka ji suka yi shiru, kuma da gangan aka gina su haka.

Ping ɗan saƙo ne na ICMP, tsarin gwajin layi da sanar da matsala, da ke neman a mayar da amsa. Idan ka tura shi zuwa adireshin ƙarshe na layinku, wato mai 255 a ƙarshe in abin rufe layin (subnet mask, lambar da ke nuna faɗin layi) 255.255.255.0 ne, suwic zai watsa shi ta kowace kafa. Kamar mai shela ne a kasuwa: kowa ya ji, amma ba dole a tanka masa ba. Tun 1989 ƙa'idar intanet mai suna RFC 1122 ta ba na'ura damar watsar da irin wannan saƙo. Daga 1997 kuma sai harin Smurf ya yaɗu, inda mugu zai sa adireshin wanda yake son cutarwa a matsayin mai aikowa, ya tura ping na shela, ɗaruruwan na'urori su yi wa wancan ruwan amsoshi har layinsa ya toshe. Dalilin da ya sa ke nan RFC 2644 ta 1999 ta ce kada rauta ta riƙa tsallakar da shela zuwa wani layi sai an buɗe mata. Windows ba ya amsawa. Linux ma yana zuwa ne da saitin icmp_echo_ignore_broadcasts a kan 1, wato ya yi watsi da ping na shela. Galibi masu tankawa su ne rauta da firinta da wasu ƙananan na'urori, kuma ina kyautata zaton su ne ukun naka. Alamar DUP! da ke fitowa ba matsala ba ce, amsa fiye da ɗaya ce ta zo wa saƙo guda.

Za ka ji ana cewa a yi ping na shela sannan a buga arp -a, wai teburin da ke haɗa adireshin kowace na'ura da lambar MAC ɗinta, wato lambar katin sadarwarta, zai cika. Ba zai cika ba. Saƙon shela yana tafiya ne zuwa ff:ff:ff:ff:ff:ff, lambar MAC da ke nufin kowa da kowa, don haka kwamfutarka ba ta tambayi lambar MAC ta kowa ba. Waɗanda suka amsa da waɗanda dama kuke hulɗa da su ne kawai za ka gani.

ARP, wato tsarin da na'ura ke tambayar lambar MAC ta mai wani adireshi, shi ne abin da ya kamata ka riƙe. Kwamfuta na iya toshe ping da katangar tsaronta, amma in ta ƙi amsa ARP babu mai iya aiko mata da komai ta IPv4 (tsarin adireshi irin 192.168.1.255), ko rautar kanta. Saboda haka fara da ip addr ka tabbatar da adireshinka da faɗin layin. Kada ka ɗauka kullum 192.168.1.0/24 ne (/24 shi ne 255.255.255.0): wasu MiFi na Huawei suna kan 192.168.8.1, kuma a layin 192.168.0.0/23 adireshin shela 192.168.1.255 ne, ba 192.168.0.255 ba. Daga nan ka buga sudo arp-scan --localnet, ko sudo nmap -sn 192.168.1.0/24. Dukansu za su bi duk adireshin layin ɗaya bayan ɗaya cikin daƙiƙu kaɗan. Kada ka manta sudo ɗin nan, shi ke ba umarnin cikakken izini a kan kwamfutar. In babu shi nmap ba zai tura ARP da kansa ba, zai koma ƙwanƙwasa ƙofofi 80 da 443, sai jerin ya ragu. Kashi ukun farko na lambar MAC suna nuna kamfanin da ya ƙera katin, da su za ka bambance firinta da kyamara.

A ganina ma kafin duk wannan ya kamata ka buɗe shafin rautar ka duba jerin waɗanda DHCP, tsarin da ke raba wa na'urori adireshi da kansa, ya ba adireshi, domin a nan har suna za ka gani. Naƙasunsa ɗaya, ba ya nuna na'urar da aka rubuta wa adireshi da hannu.

Ko da ARP akwai masu kuɓucewa. Wayar da ke barci a kan Wi-Fi na iya makara, don haka a maimaita binciken sau biyu ko uku. Wayoyi daga Android 10 da iOS 14 suna ƙirƙirar lambar MAC ta wucin gadi, za ka gane ta idan harafi na biyu 2 ne ko 6 ko A ko E, kuma ba za ta nuna kamfani ba. In an kunna tsarin raba masu Wi-Fi da juna, rauta kaɗai za ka gani, sai ka sa kebul. ARP kuma ba ya tsallake rauta ko VLAN (rabon layi da ake yi a cikin suwic), kowane layi sai an shige shi. Af, layin da ba naka ba kada ka bincike shi sai da izinin mai shi.

IPv6, tsarin adireshin da ya biyo bayan IPv4, ba shi da shela sam, amma ping -6 ff02::1%eth0 yana kiran duk na'urorin layin, kuma kwamfutocin Linux sukan amsa wannan. Ka sa sunan katinka a madadin eth0.

Wadda ta fi wahalar da masu aiki ita ce kyamarar da ta zo da adireshin kamfani a wani layi daban. Hikvision kan zo da 192.168.1.64, Dahua kuma 192.168.1.108. In layinku 192.168.8.0 ne, binciken ba zai tambayi waɗannan lambobi ba balle su amsa. Haɗa kyamarar da kwamfutarka kai tsaye da kebul, ka buga sudo tcpdump -n -i eth0 arp don ka ga saƙonnin ARP da ke wucewa, ka kashe kyamarar ka kunna. Tana tashi yawanci za ta sanar da adireshinta ko ta nemi na rautarta. Sai ka ƙara wa katinka adireshi a wancan layin, misali sudo ip addr add 192.168.1.10/24 dev eth0, ka shiga shafinta ka mayar da ita layinku.

Wassalam.