Wasiƙar Godiya Ga Ma'aikatan Sutudiyon Da Suka Ɗauki Gangunanmu

Zuwa ga shugaba da dukan ma'aikata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na rubuto ne a madadin ƙungiyarmu ta makaɗa domin mu gode muku a bainar jama'a kan aikin da kuka yi mana a sutudiyonku da ke Jos. A wannan zamani da mafi yawan waƙoƙinmu ake haɗa kiɗansu da fiyano da kwamfuta, samun wurin da zai karɓi cikakken jerin gangunan bature, ya ɗauke su kamar yadda makaɗi ya buga su da hannunsa da ƙafarsa, abu ne da ya cancanci a faɗa wa duniya.

Abin da ya fi burge mu shi ne injiniyanku bai taɓa makirufo ba sai da ya tsaya a tsakiyar ɗaki ya saurari makaɗinmu. Ya sa aka ɗaure fatun da suka saki, aka cusa bargo a cikin babbar gangar ƙafa don rage gurnaninta, sannan ya zura makirufo samfurin AKG D112 ta ramin fatar gaba. Ya nuna mana cewa in aka matsar da ita kusa da inda guduma ke sauka, duka yana fitowa tsaf, in kuma aka ja ta baya, sai nauyin amon ya ƙaru. A kan ƙaramar ganga mai wayoyi a ƙasanta ya kafa makirufo samfurin Shure SM57, wadda ake amfani da ita tun 1965, ya ɗaga ta kamar yatsu biyu bisa baki, fuskarta na kallon tsakiyar fata, bayanta kuma ya juya wa farantan tagullan nan biyu da ake takawa da ƙafa, domin irin wannan makirufo ba ta cika jin abin da ke bayanta ba.

Inda muka ga gwaninta ta gaske shi ne wajen makirufo biyu na sama, masu kwandensa, waɗanda sai an ba su wuta mai bolt 48 suke aiki. Injiniyan ya ɗauko igiya, ya dafe bakinta a tsakiyar ƙaramar ganga, ya auna zuwa ta farko, ya sake aunawa zuwa ta biyu, bai yarda ba sai da tazarar ta zo daidai. Dalilinsa kuwa shi ne in duka ya riga isa ɗaya kafin ɗaya, sautukan biyu za su riƙa cin juna idan aka haɗa su, gangar ta fito siririya kamar ana buga gwangwani. Ya gusar da ɗaya da gangan ya kunna mana, muka ji bambancin da kunnenmu, sannan ya mayar da ita.

Mun zo da tunanin kowace ganga sai an ba ta makirufonta. Ya shawarce mu da mu tsaya a kan huɗu, bisa tsarin da aka san injiniyan Ingila Glyn Johns da shi, tunda makaɗinmu ya iya daidaita ƙarfin hannunsa. A ganina wannan shawara ita ce amanar da ta fi kowace, domin da ya jera mana goma, da lokacin aiki ya ƙaru, kuɗin da za mu biya ma ya ƙaru, kuma ba wanda zai ce masa don me.

Muna kuma godiya ga matasan da suka jera wayoyi suka riƙa hawa da sauka da sandunan makirufo ba tare da ƙosawa ba. Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara wa sana'arku albarka.

Naku,
Shugaban ƙungiya, a madadin dukan makaɗa