A auna garkuwar jini a san inda palu ke yawo a jihar Tawa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina aikin labo a wani asibiti a nan Tawa, kuma duk damana abu guda ke cin raina, yadda muke ƙirga masu masassarar cizon sauro, wato palu. Wanda ya zo asibiti muka soki yatsarsa muka ɗiga jini kan TDR, abin awon palu na nan take, layi biyu suka fito, shi ne ke shiga rajista. To matar rugar da ke kilomita 40 daga CSI, ƙaramin asibitin gwamnati, fa, wadda ta sha saƙe-saƙi ko ta sayi magani a tebur? Ba ta cikin lissafi, kuma da wannan lissafin ne ake raba sange da magani.

Akwai wani awo da ya kamata PNLP, hukumar yaƙi da palu ta ƙasa, da CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Yamai, su faɗaɗa shi ya zo mana nan. In ƙwayar palu ta shiga jikin mutum, jiki na haɗa sinadaran garkuwa da lokotoro ke kira antikor don su yaƙe ta, kuma ko ƙwayar ta mutu su suna nan cikin jini wata da watanni, wasu ma shekaru. TDR ɓarawon da ke cikin ɗaki yake kamawa, shi kuwa wannan awon sawun ɓarawon yake gani bayan ya tafi. Aikin ma ba wahala, ɗigon jini kaɗan kan wata takarda mai tsotsewa, a bari ya bushe a inuwa, a sa a leda a tura labo, ba sai an nemi firji a daji ba.

Inda zai fi amfani shi ne arewa, wajen Abalak, Cintabaraden da Tasara, inda ruwa bai da yawa kuma cutar ke zuwa ɗan lokaci ta wuce, sai ka je gari a watan Maris ka auna mutane da TDR ka ga kamar babu komai alhali watan Satumba da ya wuce yara sun sha wuya. A Konni da Madawa kusan duk babba zai nuna alama, shi ya sa jinin yara ƙanana ya fi faɗar gaskiya. Yaro ɗan shekara 3 in yana da antikor to cikin shekarun nan 3 ya kamu. Amma jariri ɗan wata 2 na uwarsa ne ke jikinsa, kar a sa shi cikin ƙirga.

Sai an yi hattara da mutanenmu na Adar, mu 'yan bida ne, magidanci zai iya ɗauko palu a Abijan ko Legas ya dawo gida da alamar, a ce sauron ƙauyensu ne. Makiyaya ma haka, rani kudu damana Azawak. Dole mai ɗaukar jini ya tambayi inda mutum ya yi damana. Sannan tunda an fara allurar rigakafin palu a ƙasar nan a 2024, ita ma tana sa jiki ya yi irin tasa garkuwar, to masu labo su zaɓi antikor ɗin da allurar ba ta taɓawa kamar na MSP-1 da AMA-1, wasu sinadarai da ke jikin ƙwayar palu.

Abin da nake tsoro kawai, kar wani ya ji ana cewa jininsa ya nuna alama ya ruga ya sayi magani. Wannan awon ba na gane mara lafiya ba ne, na gane halin gari ne, mai zazzaɓi yau TDR ko madubin labo ne nasa. Aljeriya maƙwabciyarmu OMS, hukumar lafiya ta duniya, ta tabbatar ta rabu da palu tun 2019, mu kuwa muna cikin ƙasashe 4 da suka fi rasa rayuka. Ina roƙon ma'aikatar lafiya ta fara da gundumomin arewa, ta bi ta hannun hakimai da limamai a yi wa iyaye bayani kafin a soki yatsar ɗan kowa, kuma in sakamako ya fito a dawo da shi garin da aka ɗauki jinin a faɗa musu da Hausa da Tamajek da Fulatanci.

Wani ma'aikacin labo, Tawa