A ɗauki nauyin horon kurata, su dawo gida su yi aiki

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da gwamnonin Arewa maso Yamma da 'yan majalisun jihohinmu kan ɗaukar sababbin 'yan sanda.

A ƙarshen Nuwamban 2025 Shugaba Tinubu ya ba da umarnin a ƙara ɗaukar 'yan sanda dubu 20, jimillar waɗanda za a ɗauka ta kai dubu 50, har ya ce a yi amfani da sansanonin masu yi wa ƙasa hidima wurin horar da su. Wannan kaɗai ya nuna inda gizo ke saƙa: kwalejojin horar da 'yan sanda na Kaduna da Maiduguri da Ikeja da Oji River ba za su ɗauke wannan taro ba. Wanda ya tuna hotunan kwalejin Ikeja da gidan talabijin na Channels ya nuna a Janairun 2013, har Shugaba Jonathan ya je da kansa ba sanarwa, ya san irin makwanci da abincin da aka taɓa ba kurtu a ƙasar nan.

Sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce, ta tarayya. Amma bai hana jiha kashe kuɗi a kanta ba, kuma suna kashewa: kowane gwamna ya iya jera motocin Hilux a filin wasa yana miƙa makullai. Roƙona shi ne a karkatar da wani kaso na wannan kuɗi zuwa kan yaron da zai shiga motar. Jiha ta ɗauki nauyin matasanta tun daga cike fom har fitowa daga horo, su kuma su sa hannu a rubuce cewa za su yi shekara biyar suna aiki a ƙaramar hukumarsu.

Fom kyauta ne, gaskiya. Sai dai ɗan Sabuwa ko Dansadau sai ya biya kuɗin mota zuwa inda akwai intanet, ya nemi lambar NIN da takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma, ya je babban birnin jiha tantancewa, ya sake komawa jarrabawar kwamfuta, shi da bai taɓa dafa kwamfuta ba. Gidan da 'yan bindiga suka hana noma ba shi da wannan kuɗi. Sai gurbin ya faɗa hannun ɗan birni wanda mahaifinsa ne kawai aka haifa a can, ana turo shi kuwa ya fara neman wanda zai yi masa hanyar canjin wurin aiki.

Amfanin ɗan gida ba ya buƙatar dogon bayani ga wanda ke zaune kusa da dajin Rugu ko Kamuku. Ya san burtali da mashaya, ya san wanda ya fara sayen burodi da fetur fiye da ƙima ranar kasuwa, yana jin Hausa da Fulatanci ba tafinta. Tsohuwar da ba za ta taɓa taka caji ofis ba za ta iya raɗa wa ɗan maƙwabciyarta abin da ta gani.

Na san dattawa za su tuna mana 'yan dokan En'e da yadda aka riƙa amfani da su kan 'yan NEPU, kafin gwamnatin Gowon ta haɗe su da 'yan sandan tarayya. Tsoron yana kan hanya. Maganinsa shi ne jiha ta biya, amma kada ta zaɓa. Kotun Ƙoli ta riga ta yanke a 2023 cewa ɗaukar kurata aikin Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ne, to a bar mata, kada ciyaman ko ɗan majalisa ya kawo jerin sunayen yaransa. DPO ya zama baƙo, kuma kada a ajiye yaro a mazaɓarsu inda zai kama ɗan baffansa da safe su haɗu a masallaci da magariba. A kai shi wata gunduma cikin ƙaramar hukumar.

Akwai abin da ya fi wannan damuna. 'Yan bindiga sun san gidan iyayen ɗan gida. Duk wanda za a nemi ya ɗauki wannan kasada, dole yarjejeniyar ta ƙunshi muhalli a bariki, da alawus na musamman, da inshorar da iyalansa za su karɓa ba tare da zaryar shekaru ba. Mun ga abin da ya faru a 2020: an ware naira biliyan 13.3 don 'yan sandan al'umma, aka horar da matasa aka ba su kaki, daga baya suka fito zanga-zanga a wasu jihohi kan rashin biya, aka ce musu ai aikin sa-kai ne. Kaki ba albashi, ƙarshensa shingen karɓar na goro.

Kuɗi kuwa akwai, tunda Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta kafa Askarawa a Janairun 2024, kuma baitulmalin jiha ne ke riƙe da su. Masu takardar sakandare a cikinsu ma su ya kamata a fara shiryawa jarrabawar. Ina kira ga majalisun jihohi su sa wannan a kasafin kuɗi mai zuwa da sunansa, a kuma liƙa sunayen waɗanda aka ɗauki nauyinsu a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, domin masu unguwanni su duba su faɗi wanda suka sani da wanda ba su taɓa gani ba.

Wassalam.

Daga mai karanta jaridarku,
Funtuwa, Jihar Katsina