Lafazin Turanci Ba Ma'aunin Basira Ba Ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in amayar da abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Turanci na koyar a sakandare har na yi ritaya, saboda haka ba ƙin harshen ne ya sa ni magana ba.

Watan jiya ɗiyar ƙanena ta dawo daga intabiyu a wani kamfani idonta jawur. Yarinyar nan akanta ce, takardunta ba abin kushewa. Da ta buɗe baki "p" ta fito mata kamar "f", sai ɗaya daga cikin masu tambayar ya kwaikwaye ta, sauran suka kece da dariya. Daga nan bakinta ya mutu, ko abin da ta sani ta kasa faɗa.

Ai wannan ba jahilci ba ne. Hausa ba ta raba sautukan nan biyu ba, sauti ɗaya gare mu, da leɓɓa muke furta shi. Kowane harshen uwa yana barin sawunsa a kan na biyu, na Bayarabe da na Inyamuri ma haka. A Ingila kanta mutumin Libaful da na Landan ba baki ɗaya suke magana ba. A 1941 BBC ta sa Wilfred Pickles, ɗan yankin Yokshaya, karanta labarai, masu sauraro suka yi ta aika ƙorafi don kawai lafazinsa ba irin na masu hannu da shuni ba ne. Wato tun a gidan Turancin, rigimar ta matsayi ce. Mu kuma muka ɗauko ta muna yi wa juna bulala da ita.

Har yanzu akwai makarantun da ake cin tarar yaro ko a sa shi durƙuso don ya yi "banakula", wato ya yi magana da harshen uwa. Ni ma na taɓa riƙe wannan doka, kuma na ga abin da ta haifar: yara sun koyi yin shiru, ba su koyi Turanci ba.

Ban ce a yi watsi da nahawu ba. Yaron da bai samu kiredit a Turanci a WAEC ko NECO ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, don haka wajibi ne mu koya masa rubutu mai tsabta. Sai dai "daidai" ɗin nan ba a tsaye yake ba. A Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomin Nijeriya 29, ciki har da "okada", "danfo" da "Kannywood". Har "next tomorrow" da muka sha zaga wa jan biro ta shiga.

Roƙona ga masu ɗaukar ma'aikata shi ne su duba ko an fahimci mai magana, kuma ko ya san aikinsa. Ita ɗiyar tawa an sake kiran ta intabiyu a wani wurin mako mai zuwa. Kullum da yamma muna zama da ita, tana maimaita amsoshinta da ƙarfi, ni kuwa na daina katse ta.

Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Zariya.