Wa ya ce digiri kaɗai ya ishi mai gashin ƙashi?

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Shirinku na lafiya na daren Talata ya ɓata mini rai ƙwarai. Kun kwashe awa guda kuna kukan ƙarancin likitocin tiyatar ƙashi, amma da wancan bawan Allah ya bugo waya daga Mashi yana tambayar dalilin da ya sa masu gashin ƙashi ba sa samun horon ƙwarewa irin na likitoci, sai mai gabatarwa ya ce wai ai su digirinsu ya ishe su, ya katse shi. Wa ya gaya masa ya isa?

Ɗana mota ta buge shi a kan babur, ƙashin cinya ya karye dab da gwiwa. An yi aiki, an sa ƙarfe, hoto ya nuna ƙashi ya haɗe lafiya lau. Amma gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Saurayi da ƙarfinsa, sai ga shi yana salla a kan kujera, tsugunno ma ya gagare shi. Yarinyar da ke yi masa gashi ba ta daɗe da gama bautar ƙasa ba, kuma ita kaɗai ce a sashen: ga masu shanyewar ɓarin jiki, ga yaran da ba su iya zama ba, ga tsofaffi masu ciwon baya, duk a kanta. Da bakinta ta ce mini, "Baba, ina tsoron matsa wa gwiwar nan kada in taɓa aikin da aka yi, kuma ba ni da babban da zan tambaya." Wallahi ban ga laifinta ba, ta yi iya ƙoƙarinta. Sai da muka dangana da Kano wani gogagge ya duba, ya ce tun da wuri ya kamata a fara motsa gaɓar. Gaɓa in ta daɗe ba motsi, naman da ke kewaye da ita ɗaurewa yake yi, tsokar cinya kuma ta tsotse. Sanin ranar da za a fara, da iya nauyin da ƙafa za ta ɗauka, ba a karanto shi a littafi kawai, sai an tsaya kusa da wanda ya ga irin wannan sau da yawa.

Abin da mai tambayar nan yake nufi ke nan. A Amurka, mai gashin ƙashi da ya gama karatu ya samu lasisi yana iya ƙara kamar shekara guda a sashen ƙashi kaɗai, aƙalla awa 1,800, kuma awa 150 daga ciki shi da ƙwararre ne su biyu, yawancinsu a kan maras lafiya. Mu nan likitoci suna da kwalejin neman ƙwarewa tun 1979, masu gashi kuma suna da hukumar da ke ba su lasisi tun 1988. To bayan lasisin fa? Ga Asibitin Ƙashi na Dala a maƙwabtanmu, ɗaya daga tsofaffin asibitocin ƙashi uku na ƙasa, tare da na Igbobi a Legas da na Enugu. Me zai hana gwamnatin Jihar Katsina ta riƙa ɗaukar nauyin yaranmu su je can su ƙware, da sharaɗin su dawo su yi aiki a Daura da Funtuwa da Dutsin-Ma? Ana ta yi wa mutane faɗa don sun koma wurin masu ɗori, amma wanda ya sayar da gona ya biya kuɗin tiyata ya fito da ƙafa a sanƙare, me za ka gaya wa maƙwabcinsa?

Ina roƙo ku sake shirin nan, ku gayyato mai gashin ƙashi ya zauna a kujerar baƙo, ku kuma ba mutumin Mashi haƙuri a fili.

Sannan don Allah ku duba lokacin shirin. Tun da kuka matso da shi yake cin karo da sallar Isha'i, kafin mu dawo daga masallaci an ci rabi. Ku mayar da shi ƙarfe tara kamar da.

Mai sauraronku,
daga Ƙofar Marusa, Katsina.