Wasiƙa Zuwa Kumasi Kan Aikin Da Kwamfuta Za Ta Yi Cikin Dare

Kano.

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya yara, ya Zangon Kumasi, ya ruwan sama? Ka gaida min Hajiya, Allah ya ƙara mata sauƙin ƙafar nan.

Saƙonka ya iso. Ka ce maigidanku ya gaji da jiran ka turo lissafin cinikin rassa da hannu kowane dare, yana so kwamfutar kowane reshe ta riƙa kai fayil ɗin sabar babban ofis da kanta. Ka kuma ce wani ya ba ka shawarar ka yi da FTP, tsohuwar hanyar tura fayil tsakanin kwamfutoci, ka rubuta kalmar sirri a cikin fayil ɗin umarni. Wannan magana ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na zauna na rubuto maka.

FTP dai ka rabu da shi. Ƙa'idarsa da ake bi har yau tun 1985 aka rubuta ta, kuma sunan mai shiga da kalmar sirrinsa a fili suke tafiya, duk wanda ya laɓe a kan hanya zai karanta. Irin wannan satar kalmomin sirri ce a jami'arsu ta fasaha ta Helsinki ta sa Tatu Ylönen ya rubuta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa a asirce, a 1995. Ka koma SFTP, hanyar tura fayil da a kan SSH take hawa, ta ƙofa mai lamba 22, komai a rufe. OpenSSH kuwa, manhajar da ke wannan aikin, tana nan a kusan kowace Linux, ba sai ka sayi komai ba.

Maimakon kalmar sirri, ka yi mabuɗi da ssh-keygen -t ed25519. Zai fito maka da guda biyu. Na sirrin ya zauna a kwamfutar reshe, ka yi masa chmod 600 don mai shi kaɗai ya iya karanta shi, kada ya bar wurin. Na filin ka kai shi sabar, cikin authorized_keys, fayil ɗin mabuɗan da sabar ta yarda da su. To, ga inda gizo ke saƙar: tunda ba mai farkawa da tsakar dare ya buga kalmar buɗe mabuɗin, dole ka bar shi tsirara. Duk wanda ya sace fayil ɗin nan ya zama reshenku. Don haka aikinka shi ne ka rage abin da mabuɗin zai iya yi. Mai gadin dare makullin ɗakin ajiya ɗaya ake ba shi, ba a miƙa masa damin makullan gida gaba ɗaya.

Ka buɗe wa aikin asusunsa na daban a sabar, ba naka ba, balle root, asusun da ke da iko a kan komai. A cikin sshd_config, fayil ɗin saitin SSH na sabar, ka sa wa asusun ForceCommand internal-sftp da ChrootDirectory, ta yadda harkar fayil kawai zai iya, a cikin folda ɗaya, ba ya ganin sauran na'urar. Ka lura, foldar nan ta chroot dole root ne zai mallake ta, sai ka yi wata ƙarama a ciki wadda asusun zai rubuta. In ba haka ba sabar za ta yi ta korar ka, ka rasa dalili. Kowane reshe da mabuɗinsa, domin ranar da aka sace kwamfutar wani shago, layi ɗaya za ka goge, sauran su ci gaba da aiki. Akwai kuma from= da ake sawa a gaban mabuɗi don a karɓe shi daga adireshi ɗaya kawai. Yana da kyau, amma in rassanku da ƙaramar na'urar intanet ta layin waya suke aiki, adireshin canzawa yake yi, sai dai ku bi ta VPN, wato keɓantacciyar hanya tsakanin reshe da ofis.

Karon farko ka haɗa da hannunka, ka duba tambarin sabar ya yi daidai, ya shiga known_hosts, jerin sabobin da kwamfutar ta sani. Za ka ga masu koyarwa a intanet suna cewa a sa StrictHostKeyChecking=no don a huta. Kada ka yarda. Ma'anarsa kwamfutarka ta miƙa lissafinku ga duk na'urar da ta ce ita ce ofis.

Sai lokaci. A crontab, jadawalin cron mai tada aiki a kan lokaci, gurbi biyar ne: minti, awa, ranar wata, wata, ranar mako. In ka rubuta 30 23 * * * aikin zai tashi sha ɗaya da rabi na kowane dare. Ku kun huta da rikicin agogo, lokacin Gana daidai yake da UTC, agogon bai ɗaya na duniya. Mu nan muna gaba da awa ɗaya, sai ka ga aikin da aka sa wa sabar haya ya tashi ba lokacin da ake zato ba. Ka rubuta cikakkiyar hanyar kowane umarni, irin /usr/bin/sftp, don cron bai san abin da kai ka sani ba idan ka shiga da kanka. Ka ɗaure aikin da flock, umarnin da ke hana shi tashi sau biyu a tare, kada intanet ta yi nauyi na jiya bai gama ba na yau ya hau kansa.

Sannan wuta. Ku da dumsor, ɗauke wutarku ta Gana, mu da namu, ba mai yi wa wani dariya. Cron ba ya rama abin da ya wuce shi: in kwamfuta a kashe take lokacin, shi ke nan, sai gobe. Ni na fi son agogon systemd, mai kula da ayyuka a Linux, da Persistent=true, yana tashi ya yi aikin da zarar na'ura ta dawo. In rassan Windows suke, Task Scheduler yana da akwatin da za ka danna na cewa a yi aikin da wuri idan lokacinsa ya kuɓuce, ka haɗa shi da WinSCP, manhajar SFTP ta Windows.

Wani abu ƙarami mai cutarwa: fayil rabi. Ka tura shi da sunan wucin gadi, sai ya gama hawa ka canza masa suna zuwa na gaskiya. Haka na'urar ofis ba za ta ɗauki rabin lissafi ta ce cinikin ranar ke nan ba. Ka haɗa da sha256sum ɗinsa a gefe, lambar da za a gane da ita ko ya iso cikakke. Shi sftp -b, mai bin jerin umarni daga fayil, yana tsayawa a kuskuren farko kuma yana faɗa, saura kai ka saurara.

Nan ne na fi so ka tsaya. Aikin da ke tafiya shi kaɗai, idan ya mutu shiru yake mutuwa. Sai ƙarshen wata akanta ya zo neman lissafi, a tarar reshe ɗaya ya yi makonni bai turo komai ba. Mutane sukan sa kwamfutar reshe ta aiko da saƙo idan an samu matsala, amma wadda ba ta da wuta ba ta aika saƙo. Ka sa mai dubawa a ɓangaren ofis: ƙarfe bakwai na safe ya ƙirga fayilolin daren, wanda bai iso ba ya turo maka a waya da sunan reshen.

Kada kuma ka bar fayiloli su taru a sabar da ke fuskantar intanet. Ka tuna abin da ya faru da MOVEit, wata manhajar tura fayil, a 2023, lokacin da ƴan kutsen Clop suka samu kafa a manhajar suka kwashe bayanan ɗimbin kamfanoni da hukumomi. A kwashe fayil zuwa ciki da zarar ya iso, kuma a riƙa sabunta OpenSSH. In lissafin yana ɗauke da sunaye da lambobin abokan ciniki, ka tuna wa maigidan cewa Gana tana da dokar kare bayanai tun 2012.

In ka gama, turo min layin crontab da sshd_config in duba maka. Mabuɗin sirri kuwa kada ka turo min ta WhatsApp, ko ni na roƙe ka.

Yaushe za ka leƙo gida? In da hali ka zo Babbar Sallah, ka taho da goro mai kyau, tsofaffi suna ta tambaya. Kowa na gaishe ka.

Naka,
abokinka na Kano.